Abin da ke Ƙarƙashin Sabulu

Duk unguwar, Mai Sabulu ake ce mata. Shekara bakwai tana yawo gida-gida da kwando a ka, kuma in za a faɗi gaskiya sabulun nata ba wani abin kirki ba ne, ko kumfa sai an lallashe shi yake yi. Abin da mutane ba su sani ba, a ƙarƙashin sabulun akwai robobin maganin cuta mai karya garkuwar jiki, na gida goma sha ɗaya. Ita ma irinsa take sha tun bayan rasuwar mijinta. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ce ke kawo maganin asibitin unguwa, ita kuma ta kai wa masu jin nauyin a gan su a layin karɓa. Dabarar kwandon tata ce, ba wanda ya koya mata. Ta yi sallama, a ɗaga murya ana ciniki don maƙwabta su ji, hannu ya zura ƙasan kwando, shi ke nan.

Cikin mutanenta akwai Tela, mai shago a bakin titi. Ran da ta fara zuwa wurinsa ko keken ɗinkin ba ya iya takawa. Yanzu ya ajiye kumatu, har tana tsokanarsa wai ya kusa fin ƙofar shagon faɗi. Yaya yake ce mata, ita kuwa da shi take taƙama.

To, taƙamar ce ta ja mata. Wata safiya malamar asibiti ta ce baƙi sun zo daga ƙungiyar, suna son ganin matar da ake ba su labari. Aka tafa mata, aka sa mata riga mai tambari, aka buɗe mata gidan gaba na wata farar mota mai sanyi. Kai, ranar kan nan ya kumbura! Da wata daga cikin baƙin ta tambaya ta bakin tafinta ko akwai wanda za su gani da idonsu cikin masu karɓar maganin, ko miyau ba ta haɗiye ba ta ce wa direba ya karya kwana.

Sai da motar ta tsaya a ƙofar shagon Tela, ta sauko da kwandonta, sannan ta lura da ƙaton jan ƙyallen nan da aka zana a jikin motar, da sunan cutar ɓaro-ɓaro a ƙasa. Mai gyaran babur ya gani. Matan da suka kawo ɗinki sun gani. Tela ya miƙe da almakashi a hannu, ya gaisa da baƙin cikin ladabi, ya amsa duk abin da suka tambaya. Ita ce dai bai kalla ba. Baƙin ba su da laifi, hanyar da aka nuna musu suka bi, suka tafi suna ta yabonta.

Kwana uku ba ta leƙa waje ba. Kunya ta hana ta cin abinci, rigar ma ta cusa ta ƙarƙashin katifa don kar ta gan ta. Amma ta san maganin mutane ya kusa ƙarewa, rana ta huɗu ta ɗauki kwando.

A gidan farko, ta bayan ƙyaure aka ce mata, "Muna da sabulu." A na biyu, matar da kullum ke shimfiɗa mata tabarma ta yi ƙasa da murya: "Don Allah Inna, kar ki tsaya nan, ana kallonmu." Haka ta bi gida goma, ba inda aka bari ta sauke kwandon. Kowa ya riga ya san abin da ke ciki.

Shagon ta bari a ƙarshe. Rabin ƙusoshin da ake rataye ɗinki ba komai a kansu, masu yadi sun kwashe abinsu.

"Tela," ta ce, "wallahi ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba."

Da kansa ya ɗaga sabulun, a gaban kowa, ya zaro robarsa ya ajiye a kan keke.

"Ni tawa ta riga ta fito, Yaya. Zan sha abina." Ya leƙa kwandon ya ga sauran. "Waɗannan goman fa, wa zai kai musu?"

Ta ɗora kwandon a ka ta kama hanyar gida, ƙwayoyin suna ƙaras-ƙaras cikin robobi. Shekara bakwai tana ɗauke da su, sai yau ta ji ƙararsu.