Ruwan Fadama a Jarka

Jiya na wuce shagon mai gyaran waya, ƙaurin dalma ya bugi hancina, sai na tuna da marigayi Baba, dattijon malamin lantarki da muka koyar tare a Haɗejiya a shekarun casa'in.

A wurinsa na koyi haɗa 'yar ƙwaƙwalwar na'ura, baƙar aba mai ƙafafu kamar shanshani, da kayan da za ta sarrafa. Ƙanensa yana noman tattasai a Kirikasamma, kuma in ruwa ya janye, injin ban-ruwansa yakan yi ta zuƙar iska har ya lalace. Muka jona wa 'yar ƙwaƙwalwar ƙusoshi biyu, in sun fita daga ruwa ta kashe injin.

Na gwada da ruwan famfo, ta yi daidai. Na ce, "Baba, an gama."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Malam, tattasan nan ruwan famfo yake sha?"

Ya hau kekensa, ya dawo da jarkar ruwan fadama, ja, mai ƙarnin kifi. Muka tsoma ƙusoshin, muka cire. Laka ta maƙale tsakaninsu, na'urar ta ɗauka har yanzu suna cikin ruwa, ba ta kashe komai ba. Ya ƙara tazarar ƙusoshin, ya goge hannu a rigarsa, muka sake.

Injin ya ga ƙarshen rani lafiya. Har yau ba na yarda da na'urar da ba ta ɗanɗani ruwan da za ta zauna a ciki ba.

Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi ruwan da babu laka a cikinsa.