Ummi da Kwanson Harsashin Alhaji

Tun kafin ranar da zan ba ku labarinta, wadda har gobe ba zan manta da ita ba, abu ɗaya ne yake hana ni sakewa a duniya: bakin Ummi. A lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma duk abin da hannunta ya ɗauka sai bakinta ya ɗanɗana. Ta ci gawayi, ta ci sabulu. Ta taɓa haɗiye maɓallin rigar babanta, na yi ta tona fo da tsinke kamar mai neman zinare har ya fito. Tun daga nan, ko ina sallah, rabin hankalina yana kan bakin nan.

Ina ɗinki ne a wani ƙaramin kamfanin kayan fata a Sharada. Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba: akwai manaja a sama, shi sai ranar albashi muke jin ƙamshin turarensa. Sai sufabaiza, Malam Sabo, wanda kowane aiki ta hannunsa yake shiga, ta hannunsa yake fita. Sai masu yanka, sai mu masu ɗinki, sai masu goge bakin fata. Jakunkuna da bel ne yawan aikinmu, amma jefi-jefi mafarauta masu lasin sukan kawo ɗinkin gidan bindiga ko ɗamarar harsashi. Dokar kamfani ita ce harsashi mai rai ba ya ƙetare get. Kwanson da aka riga aka harba kaɗai ake karɓa, shi ma sai maigadi ya leƙa cikinsa ya ga wayam.

Wata Laraba ce bayan ƙaramar Sallah. Iya mai raino, wadda muke bar wa yara a ɗakin bakin get, ta tafi biki Jigawa. Na taso daga Panshekara da Ummi a baya, ina ta addu'a a cikin adaidaita. Malam Sabo ya kalle ni, ya kalli goyon, ya ce, "Maman Ummi, ni ban ga komai ba. Amma in manaja ya sauko, ke ma ba ki san ni ba." Na shimfiɗa mata zani a ƙarƙashin teburina, na ba ta cokali da murfin kwano.

Da hantsi sai ga Alhaji Nasiru da abokinsa da suke kira Injiniya. Alhajin nan dillalin fatu ne a Challawa, kuma duk shekara yakan je wata ƙasa inda ake ba da izinin farautar barewa irin tasu, masu ƙaho kamar reshen bishiya. Ya ba wani maƙeri a can aikin ƙera masa bindiga tasa ta kansa, mai harbi daga nesa. Sai dai maƙerin ya ce ba zai taɓa ƙarfe ba sai Alhaji ya faɗi irin harsashin da za ta ci, don kowace bindiga da nata. Tun kafin azumi ake jiran Alhaji. Bai zaɓa ba, amma ya zo a ɗinka masa ɗamara.

Ya zube kwanso uku na tagulla a kan teburina. Ni ban riƙe sunayensu na Turanci ba, a raina na raɗa musu nawa: Dogo, Siriri da Guntu. Guntu gajere ne mai ƙiba, kaurinsa ya kusa babban yatsana.

Malam Sabo ya yi masa bayani yadda muke yi wa kowa. Ana jiƙa siririyar fata, a naɗe ta a jikin kwanson, a huda maɗaurin ɗamarar da basilla, a ɗinke gefe da gefe, sannan a rufe da ɗanyen tsumma a ɗora ƙarfe har ta bushe da siffarsa. Kuma fata ba yadi ba ce. In basilla ta shiga, ramin ya zauna ke nan. Maɗaurin Alhaji kuwa guda ɗaya ne, jar fata da ya zo da ita da kansa, har an buga sunansa a jiki.

"To Alhaji, wanne za a sa?" in ji Malam Sabo.

Alhaji ya ɗauki Guntu ya dangwarar a gabana. "Wannan. Na gama magana. Hajiya, bismilla."

Na ce, "To, ranka ya daɗe," na jawo kwanon ruwa.

Injiniya ya ce, "Haba Alhaji! Guntu? In naka suka ƙare a dajin can, a wane kanti za ka samu? Dogo ne na maza. Daga nan ka harba, barewar da take Bompai sai ta zauna."

"Dogo?" Alhaji ya dafa kafaɗa. "Ka manta wancan karon? Na harba sau ɗaya, sati na yi matata tana gasa mini kafaɗa. Har cewa ta yi wai barewar ce ta harbe ni."

"To ɗauki Siriri mana, ba ya duka. Ko matarka ta harba."

"Iska fa? In iska ta taso sai ya tafi gaida maƙwabta."

Haka suka yi ta yi. Masu yanka suka ajiye wuƙaƙe suka zo. Mutanen da ko ɓera ba su taɓa harbi ba kowa ya kama ɓangare kamar ranar ƙwallo. Wani ya ce a garinsu da bindigar toka kakansa ya kashe ɓauna. Malam Sabo ya ce masa, "Kakan naka da muka sani mai sayar da goro?" Aka kwashe da dariya.

Ni duk wannan kunnena ne kawai yake ji. Idona yana ƙasa, don Ummi ta gaji da cokali, ta kama ƙafar tebur ta miƙe, yatsunta suna lalube a gefen teburin. In janye ta da ƙafa, ta dawo. In harare ta, ta yi mini dariya. Sau ɗaya na ɗaga kai, lokacin da aka ce kamar motar manaja ce ta shigo. Da na mai da ido sai na ga ta zauna shiru, kumatunta a cike, tana haɗiyar wani abu da ƙyar.

Na kalli tebur. Ga Dogo. Ga Siriri. Babu Guntu.

Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba. "Ta haɗiye! Wayyo Allah, ta haɗiye harsashi!"

Na fizgo ta, na zura yatsa a bakinta, ta gantsara mini cizo da haƙoranta huɗu. Babu komai sai yawu. Na kifa ta a cinya ina bubbuga baya. Wani ya ce a ba ta manja, wani ya ce a'a, madara. Ɗaya daga cikin masu goge baki ya ja da baya har bango, wai kar a matsa cikinta harsashin ya tashi. Malam Sabo ya daka masa tsawa, ya ce kwanso ne wayam, ya tura yara su duba ƙarƙashin tebura.

Injiniya kuwa, Allah ya shirye shi, sai ya tsuguna kusa da ni ya fara lissafi. "Hajiya, kwantar da hankalinki. Guntu ba zai wuce maƙogwaron yarinya ba. Da Siriri ne, to, da sai mu ce. Ka ga Alhaji, wannan ma wani amfanin Dogo ne."

Na ce, "Yallaɓai, don girman Allah ku bar ni da Dogonku! Ku ba ku san bakin yarinyar nan ba!"

Alhaji Nasiru ya miƙe zumbur. Fuskarsa ta sauya gaba ɗaya. Ya zaro makullin mota ya ce, "Taso mu tafi asibiti a ɗauki hoton cikin. Ni na kawo abin nan, ni na ajiye shi a gaban yarinya." Ya karɓi Ummi da hannunsa, ita kuwa ta kama gemunsa tana ƙoƙarin kaiwa baki.

Na miƙe ina kuka, ina neman mayafina. Malam Sabo, da yake shi mutum ne da ko gobara ake yi sai ya kintsa tebur, ya ɗaga ƙarfen da ke gabana don ya ajiye maɗaurin Alhaji a wuri mai kyau. Ya yaye ɗanyen tsumman. Sai ya tsaya.

"Maman Ummi. Zo ki ga cikin 'yarki."

Ga Guntu nan kwance a cikin jar fata, an naɗe shi, an ɗinke gefe da gefe, ɗinki mai kyau kuwa. Har an huda ramukan gidan harsashi na biyu da na uku daidai kaurinsa. Ashe tun da Alhaji ya ce bismilla hannuna ya kama aiki. Idona yana kan Ummi, kunnena yana kan gardama, hannuna kuma yana yin abin da ya saba. Ni da nake gane wanda ya sauya man shafawa a ɗakin nan, ban ga abin da yatsuna suka yi ba. Abin da Ummi ta haɗiya kuwa, sai daga baya muka gano, guntun ƙosai ne da ta zaro daga ledar wani mai yanka.

Dariyar da aka yi, har maigadi sai da ya leƙo. Ni na zauna daɓas a ƙasa na rungume Ummi, ina kuka ina dariya. Sai kuma na tuna maɗaurin guda ɗaya ne, kuma na huda shi.

Na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri. Kun ce wannan, ban ji kun janye ba."

Ya ɗauki maɗaurin ya juya shi. Ya ja Guntu, ya ji ya zauna daram. Ya tambayi Malam Sabo ko za a iya mai da shi na Dogo. Malam Sabo ya ce sai dai a sake wata fatar. Sai Alhaji ya fito da waya ya aika wa maƙerin saƙo a gabanmu cewa Guntu ya zaɓa.

Injiniya ya ce, "Alhaji, yanzu tela ce za ta zaɓa maka harsashi?"

"Ni na zaɓa tun da safe," in ji Alhaji. "Kai ka hana ni jin kaina. Ita ta ji."

Abin da na koya a ranar shi ne, masu kawo mana aiki da yawa sun san abin da suke so, abokan rakiya ne suke ruɗa su. Duk da haka yanzu ba na taɓa basilla sai mai kaya ya faɗa sau biyu, ya kuma mai da sauran aljihunsa. Na kuma gane cewa mutumin da ya yi wata da watanni bai iya zaɓen kwanso ba, da aka ce yarinya ce, ko daƙiƙa bai ɓata ba wajen zaro makulli.

Ummi ta shiga makaranta yanzu, kuma har yau a kamfani Guntu suke kiranta. Ƙaninta ne ya gaji bakin. Don haka ga roƙona gare ku, abokan aiki da masu kawo aiki: in kun zo da ƙaramin abu, kwanso ne ko maɓalli ko ƙusa, kun kuma ga mace da goyo, don Allah ku riƙe shi a hannunku har a tambaye ku.