Masara a Falo

Tsoho ne siriri, wando naɗe, fartanya a kafaɗa. Yana noma a kangon wani gida da aka fara aka bari: masara a falo, wake a kicin. Bangon bai kai gwiwa ba, amma ta ƙofa yake shiga. Da gani, gonarsa ce kafin gari ya iso. Ko sayarwa ya yi ko ƙwacewa aka yi, oho.

Yau maginin gidan ya dawo. Tsohon yana ɓare masara ɗaya, yana latsawa da farce. Ba ta ƙosa ba.

"Baba, jibi za mu yi daɓe," in ji magini.

"Ku fara da ɗakin kwana, ɗana, can shukar ba ta yi kyau ba bana. Falo ku ba shi sati biyu."