Maganaɗisun da Ya Kusa Mayar da Mu Takoradi

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina ba su fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa ba, ni fita ne, wato makanike, a Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi. Abokina, wanda muka taso gida ɗaya a Aboabo, yana aikin jiragen ruwa a Takoradi. Wata rana ya zo ya ce wani kyaftin Bature zai kai wani ƙaramin jirgin shaƙatawa Dakar wurin mai shi, yana neman wanda ya san injin dizal.

"Na ce masa babu kamarka. Ka taɓa shiga teku?"

Na ce, "Haba, sau nawa!" Alhali iyakar ruwan da na sani shi ne na alwala.

Matata ta dube ni ta ce, "Maigida, kai da ko a tirotiro, motar hayar cikin gari, amai kake yi?"

Gaskiyarta. Ranar farko ban tsinana komai ba sai ciyar da kifi. Rana ta biyu na ɗan miƙe, na ga jakar kayan aikina tana ta yawo a ƙasa, sai na cusa ta cikin wata loka a ƙarƙashin kujera. A jakar akwai maganaɗisun tsohuwar sifika. Duk fitan Magazin yana da irinsa, don ciro notin da ya faɗa inda hannu ba ya kaiwa.

Ba a jima ba na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta ta haukace. A saita ta yamma, ta nufi inda ta ga dama. Kyaftin ya bi wayoyi, ya canja fis, a banza. Dole shi da abokina suka koma tuƙi da hannu, ba hutu, don ni in na riƙe sitiyari jirgin rawa yake yi. Kwana biyu idanunsu suka yi ja. Kyaftin ya ce in ba ta gyaru zuwa la'asar ba, za mu juya. Abokina ya raɗa mini, "In muka juya, ba zai ƙara ɗaukata ba. Shi ne abincina."

Da azahar inji ya soma tari. Wannan kam gonata ce. Na ɗauko jakata na sauka, na kwance filta, na zuƙe dattin tiyo da baki irin namu. Ina ciki na ji abokina yana ihu daga sama, "Ta dawo! Na'ura ta dawo!" Na gama, na mayar da jaka loka. Sai ihu kuma, "Ta sake haukacewa!"

Ban yi boko ba, amma ban ci kai ba. Na leƙa cikin lokar, na ga wani ɗan baƙin akwati a manne da waya. Ashe kamfas ɗin na'urar ne, mai nuna mata alƙibla, na ajiye masa maganaɗisu a gefen kunne.

To, a Magazin akwai ƙa'ida: ba ka nuna wa mai mota cewa gyara ya yi sauƙi. Na lallaɓa na kai maganaɗisun can hancin jirgi, na naɗe shi cikin dardumata. Na dawo na kwanta a bakin loka, na ƙwanƙwasa sifana, na yi nishi, na nemi ruwa. Sannan na ce, "A gwada."

Jirgi ya miƙe ɗoɗar. Abokina ya rungume ni har da hawaye, ya faɗi ya yi barci kamar gawa. Daga nan har Dakar "Masta" kyaftin yake kirana, ni kuwa ina ta hura hanci.

Ranar rabuwa ya miƙo mini dardumata, cokali biyu na jirgi manne a jikinta, daidai inda maganaɗisun yake. Bai yi dariya ba. Ya ce wa abokina, "Faɗa wa Masta, tafiya ta gaba ya bar wannan a Kumasi." Abokina bai gane ba, "tafiya ta gaba" kawai ya ji, ya hau murna.

Sai a motar dawowa na faɗa masa gaskiya. Ya zage ni tun daga wata iyaka har zuwa wata.

Yau ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Maganaɗisun yana nan manne a ƙofar shagona, jikoki na liƙa masa murafun kwalba. In na kalle shi nakan ji warin dizal da gishiri, in ji muryar abokina daga sama yana cewa ta dawo. Da zan samu, wallahi da na sake ɓoye shi a lokar nan, ko don ya ƙara zagina sau ɗaya.