Finjali Bakwai a Bab Makka

Rubuta, jikata, rabu da hawayena. Wata rana marigayi kakanki ya kai ni wani ɗan shagon gahawa a unguwar Bab Makka, can ƙasa mai tsarki. Muna cin sambusa da dabino sai ga 'yan sanda biyu sun zauna kusa. Ba mu da iƙama, takardar izinin zama, in suka tambaya sai kora gida.

Ya raɗa mini, "Hajiya, kada ki tashi. Sha kawai."

Ban san girgiza finjali ake yi in an ƙoshi ba. Ina miƙawa, mai shagon yana ƙarawa, har sau bakwai. 'Yan sandan suka yi mini dariya suka fita, ba su tambayi komai ba.

Har ya rasu yana tsokanata da wannan. Yanzu wa zai tsokane ni?