Kafso Ja da Yalo da Na Sha Saboda Alhaji

Akwai abin da ko ƙasa ta rufe idona ba na jin zan manta, shi ne ranar da wata likita a London ta dube ni, ni da girmana, ta ce bayan gidana take so.

Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. 'Ya'ya huɗu na raina a flat ɗin council, gidan hayar gwamnati, a unguwar Stratford, kuma ba a taɓa shiga ɗakina an toshe hanci ba. Tsabta ce abin alfaharina. Shekara talatin da ɗoriya muna tare da maigidana Alhaji, bai taɓa sanin lokacin da nake shiga bayi ba.

A waccan shekarar ciwon huhu ya kwantar da shi. Aka ba shi magani mai ƙarfi, huhu ya warke, sai zawo ya ce ga ni. A yi magani ya tsaya, bayan sati biyu ya dawo, har sau uku. Mutum mai cika babbar riga ya koma kamar an rataye ta a ƙusa. Abin da ya fi cin ransa, alwala ba ta zama. Ya daina zuwa Juma'a masallacin Whitechapel, ya zauna bakin taga yana kallon masu tafiya.

Babbar 'yata ce ta raka mu asibiti tana fassara. Likitar ta ce ciki kamar gona yake, maganin ya ƙone ciyawa ya haɗa da shuka, sai mugun iri ya samu fili. Dole a samo iri mai kyau daga bayan gidan mai lafiya, a tace, a saka masa. Ta ce suna da na masu bayarwa a ajiye, ko kuma wani na gida ya bayar.

Alhaji ya juya kai ga bango. "Na wanda ban san me yake ci ba? A bar ni haka."

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ni zan bayar" ba.

Ya juyo, ya yi dariyar da na yi wata uku ban ji ba. "Hajiya, ashe kema kina yi?"

"Kai dai ka warke tukuna, za ka san ina yi."

Aka ɗebi jinina, aka ce lafiya lau, aka ba ni appointment, wato ranar kawo samfur, bayan sati guda. Daga nan kunya ta kama ni. Na ce yanzu abin da zai fita daga cikina za a kalla a ƙarƙashin fitila, kuma a saka wa mijina? Ai sai na wanke shi tukuna. A ƙasan akwatina akwai kafso ja da yalo da na sayo a kemis a Kano, irin wanda kowa ke sha in ciki ya ɓaci. Kwana biyar ina haɗiya, safe da yamma, ban gaya wa kowa ba. Har daɗi nake ji a raina.

Ranar da muka koma, likitar ta ɗauko takardar tambayoyi. Ta zo kan ko na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan. Na gyara mayafi na ce a gaya mata na sha, na wanke cikin tas, ba za ta ga datti ko ɗaya ba.

'Yata ta saki baki. "Mama, you did what?"

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye biro ta ce na ƙone tawa gonar da hannuna, ba za a karɓi nawa ba sai bayan wata uku. Alhaji kuwa ba shi da wata uku. Aka yi cancel, aka fasa.

A tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi ta kuka cikin mayafi. Da na faɗa masa, na zaci zai yi fushi. Sai ya ce, "Ke da kike jin kunyar buta kika yarda saboda ni. To ni wane ne da zan ƙi na bawan Allah? A kawo."

Aka saka masa na wani mutum da har yau ba mu san ko mace ce ko namiji ba. Cikin kwana kaɗan zawo ya tsaya. Juma'a ta uku na guge masa babbar riga, na tsaya a taga ina kallonsa har ya sha kwana.

Da wata ukun ya cika na koma da ƙafata, na ce a sake gwada ni, wani ya yi wa mijina, nima zan yi wa na wata. Kusan shekara biyu ina bayarwa, har shekaruna suka wuce yadda suke karɓa. Alhaji ne ke raka ni da safe, shi ke riƙe 'yar jakar samfurin a kan gwiwarsa a tube. In maƙwabta suka tambaya sai ya ce, "Hajiya za ta kai zakka." Ni kuma in mintsine shi.

Shekara shida Allah ya ƙara mana bayan nan, sannan ya karɓi abinsa. Yanzu jakar tana nan a bayan ƙofa, na kasa jefar da ita. In na shiga tube ni kaɗai, gwiwar da ke kusa da ni nake kallo, ko zan ga jaka a kai.

Abin da na koya shi ne, in za ka ba wanda kake so wani abu, ka ba shi yadda Allah ya yi shi. Ni garin in ɓoye masa cewa ni mutum ce, na rasa ba shi kyautar da ya fi buƙata a hannuna.