Ranar da Na Toshe wa Sarkinsa Hanya

A shekarun da nake koyarwa a Zuru na kamu da son ces, darar Turawan nan mai sarki da sarauniya da dawakai. Kafin nan daraf nake bugawa a bakin tasha, kuma ba yabon kai ba, ba kowa ke zama gabana ya tashi da fara'a ba.

Sai aka ce za a ɗauki mutum ɗaya daga yankinmu zuwa gasa a Birnin Kebbi. Na sa rai ƙwarai, har na fara ba abokan aiki labarin tafiyar. A wasan ƙarshe aka haɗa ni da wani tsohon soja daga Dirin Daji, mutum mai sanyin jiki, wanda kafin ya ɗaga hannu sai ka gaji da jira. Ya ɗan fi ni maki, don haka dole in ci shi. In aka yi canjaras, shi zai tafi.

Kusan awa uku muka yi a wani aji mai zafi kamar gidan burodi. Na cinye masa komai, sarkinsa kaɗai ya rage, ni kuwa ga sarauniya ga doki. Kama sarkin kawai ya rage. Nan fa halin daraf ya motsa. A daraf, in ka toshe wa mutum hanya har ya rasa inda zai motsa, ka ci shi, kuma babu cin da ya kai wannan daɗi. Na kora sarkinsa lungu, na rufe kowace kafa, na doka sarauniya a kan katako yadda muke yi a tasha, na miƙe tsaye.

Alƙalin wasa, wani Bakabe, ya leƙo. "Malam, zamna. Ba ka kai mishi hari ba, kuma ba shi da wurin zuwa. Wanga canjaras na."

Abin da ya fi ƙona min rai, na san dokar sarai, har na koya wa wasu. Hannuna ne ya riga ni.

Tsohon ya miƙo min hannu. "Sannu, Malam. Tun da na ji yadda kake doka katako na san ɗan daraf ne. Shi ya sa ban sallama ba."

Ranar Litinin ya shiga motar Birnin Kebbi. Ni a lokacin ina aji, ina rubuta kwanan wata a allo.